Yadda Na Kai Ɓeran Alibandeng Yawunde

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. In na zauna a majalisarmu ta unguwar Kokotiye a nan Librebil, kafin mai shayi ya gama fifita wuta an kewaye ni: "Alhaji Tanimu, yaya hanya? Alhaji, wai da gaske ɓeraye 'yarka take yi wa aiki?" In na buɗe butik, wato shagona, a unguwar Alibandeng, mai sayen ashana ma sai ya ja benci. Na ba da labarin nan har muƙamuƙina ya gaji, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji ana cewa wai buhun ɓeraye guda na tafi da shi. Ƙarya ce, ƙwaya ɗaya ne. Ƙarin gishiri sana'ata ce, ba na son shisshigi. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in sarara.

Babbar 'yata, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci, tana karatun zama dakta a wata cibiyar bincike a Yawunde. Ranar da ta ce mini da ɓeraye take aiki, har a masallaci na ba da sanarwa cewa 'yata za ta haɗa maganin da zai ƙarar da ɓera a Afirka. Kun dai san tsakanina da ɓera. Ya ci mini shinkafa, ya ci sabulu, ya ci kyandir, akwai shekarar da ya ci carbina ya bar mini zaren. Daga baya ne na ji wai ciyar da su take yi, har tana share musu ɗaki. Na ce wannan sai na je na gani da idona.

Matata Hajiya ta haɗa tsaraba kamar za a aurar da gari: kilishi, dambun nama, gyaɗa, yaji, kuka, daddawa. Aka danna a jakar Gana, zif ɗin ya ƙi rufuwa, aka ɗaure da igiya. Don kada in sha wahalar ɗauka da safe, sai na kai jakar ta kwana a sito na butik. Wannan dabara tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya taya ni.

Abokin tafiyata Malam Iro ne, Bazazzagin nan mai sayar da takalma a Sotega, za shi saro kaya. A tasha direba ya rantse mana yanzu-yanzu za a tashi. Muka yi walaha a wurin, muka ci abincin rana a wurin, na kusa fara neman gidan haya a unguwar, sannan motar ta motsa. Wata mata ta ɗora mini kwandon ayaba a cinya ba ko sallama, ta yi barcinta. Kowane shingen kontrol a sauke mu, a nuna kart-sejur, wato takardar izinin zama, a koma. Na nuna tawa har hoton da ke jiki ya fara ɗaure fuska.

Bayan Bifun hanya ta shiga daji, aka fara ganin naman dawa rataye a bakin titi: beguwa, gada, kada, har da biri ya buɗe haƙora. Iro ya zungure ni.

"Alhaji, ga ɗan'uwanka can, ba za ka sauka ku gaisa ba?"

Na ce, "Wannan ai da ganin ramarsa ka san Bazazzagi ne. Bakano ko a rataye da tumbinsa."

A Njole muka sami wani mutumin Marwa mai gasa nama, muka tabbatar yankan Musulmi ne, muka ci da rogon nan da ake naɗewa a ganye. Lomar da na fara taunawa a Njole sai a Mizik na haɗiye ta. Daga nan ruwa ya tsuge, gilashin da ke gefena kuwa ya ƙi rufuwa. Yaron mota ya ce haka aka ƙera shi. Kowa a motar nan ya isa a bushe, ni kaɗai aka yi wa wankan gawa da rai. Kafin mu kai Oyem hancina ya fara zuba kamar famfon da ya lalace.

A Bitam muka kwana gidan wani dattijo mutumin Garwa da ke saukar fatake. Allah ya saka masa, ya ba mu tuwo miyar kuɓewa da kunun gyaɗa mai zafi. Da safe na kwance jakar don in ba shi ɗan kilishi, sai na ga an huda takardar an gutsuri gefe. Na dubi Iro.

"Malam Iro, amana ke nan?"

"Haba Alhaji! In zan ci kilishinka, sai in haɗa da takardar?"

"Mutumin Zariya ne kai. Ku da takarda ai ba ta kwana."

Ya yi rantsuwa, na yi rantsuwa, mai gida ya raba mu. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina ganin irin wannan huda a butik, ban gane ba. Mura ta toshe mini hanci ta haɗa da basira.

A bakin iyaka, wajen gadar kogin nan, aka duba fasfo, aka duba katin rigakafi, aka dubi fuskata aka dubi hoto aka sake duban fuskata. Ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya ce in kwance jaka. Ya sunkuya ya sa kai, daddawar Hajiya ta yi masa maraba. Bawan Allah ya ja da baya yana share hawaye, ya yi mini alama da hannu in ɗaure in wuce, in yi nisa. Haka fasinjan da ke ƙarƙashin gyaɗa ya shiga Kamaru, ba fasfo, ba rigakafi, ba ko sisin mota.

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne 'yan acaɓa. Mu a Librebil mutum ya tsaya ya yi ta roƙon mai taksi kamar mai neman aure, can kuwa kafin ka ɗaga hannu babura goma sun kewaye ka. Motocinsu kuma kowace da likitanta. Daga Ebolowa wani ya miƙe a tsakiyar bas da kwalba, ya ce maganinsa na warkar da basir, hawan jini, ciwon baya, mantuwa da rashin ciniki. Na ce mura fa? Ya ce ita ce ma ƙaramar. Na saya na kurɓa. Murar ba ta tafi ba, amma na daina jin harshena har Yawunde.

Uwata tana zaune a Birketiri, unguwar Hausawa, gidan Gwaggo Asabe yayar Hajiya. Da la'asar muka isa, ƙamshin tsire ta ko'ina, kai ka ce Fagge ce aka ɗora a kan tudu. Ta fito da gudu tana "Baba oyoyo!" Sai na yi atishawa. Ta tsaya cak, ta koma ɗaki, ta dawo da takunkumi ta miƙo mini daga nesa.

"Baba, ka yi haƙuri, gobe babbar rana ce a wurin aikina."

Na ce, "Na keto ƙasa biyu, a tare ni da takunkumi kamar jaki ya shiga gonar dawa."

Bayan mun ci abinci a tsakar gida na ce, "Uwata, tsakani da Allah, me kike yi wa ɓerayen nan?"

Ta ce, "Ka ga murar nan taka? Ƙwayar cuta ce ta shiga ta hanci. Ƙwayoyin jikin da ta fara kamawa sai su saki wasu sinadarai, kamar 'yan aike. Wani ɗan aiken, ana ce masa intaferon, ya gaya wa maƙwabta su kulle ƙofa. Wasu kuma su kira dakarun jini su zo huhu a yi yaƙi."

"Ihun ɓarawo a kasuwa ke nan."

"Kamar haka. In ba a yi ihu ba, cuta ta ci gari. In kuma ihun ya yi yawa, dakaru su cika huhu, ya kumbura, ya tara ruwa, numfashi ya gagara. Wani lokacin ba cutar ce ke kai mutum ƙasa ba, taron ne."

Nan na tuna maƙwabcina mai ƙwai da aka sace wa kiret ɗaya. Ya yi ihu, jama'a suka zo taimako, garin dukan ɓarawo aka tattake rumfar gaba ɗaya. Na ba su labari, Gwaggo ta yi dariya har da tari.

Uwata ta ce ɓerayenta kashi biyu ne. Akwai masu cikakken jiki, akwai waɗanda aka haifa babu ɗaya daga cikin 'yan aiken nan masu kiran taro. An sa su barci an ɗiga musu ƙwayar mura a hanci, kullum da safe tana auna nauyinsu don ta ga wa ke ramewa. Gobe ce ranar da yaƙin ya fi zafi a huhu, ranar da za a duba a ga wanne kashi ya fi shan wuya. In aka wuce gobe, kamar ka je kasuwa bayan ta watse ne. Iyayen ɓerayen a jirgin sama aka kawo su daga Turai da takardunsu, ta fi shekara tana kiwo kafin su kai yawan da take buƙata. Iskar da suke shaƙa tatacciya ce, ruwansu dafaffe.

Na ce, "Su jirgi, ubanki bas mai yoyo. Duniya ke nan."

Sannan aka kai jakar ɗakinta, muka tsaya a bakin ƙofa ana raha. Ta kwance igiya, ta ɗaga ƙullin kuka, ta sa hannu ƙarƙashin gyaɗa. Sai ga mutumin ya yi tsalle. Ya bi ta hannunta, ya hau kafaɗa, ya ratsa ta cikin mayafi, ya diro, ya shige bayan kwaba. Ya yi ƙiba a hanya, wallahi har wuyansa ya yi ninki. Na gane shi sarai, ɗan gidan sitona ne, da kakansa muka fara gaba.

Gwaggo ta yi salati ta haye kujera. Iro ya riƙe ciki yana cewa, "Ga Bazazzagin da ya ci kilishi! Alhaji, ba ni haƙuri a gaban jama'a!" Ni ma dariya nake yi har takunkumi ya zame. Sai na lura Uwata ba ta dariya. Ta zauna a ƙasa tana kallon hannunta.

Ta ce a hankali, "Baba, ba zan iya shiga gobe ba."

Ashe doka ce a gidan ɓerayen: duk wanda ɓeran waje ya taɓa, ba ya shiga sai bayan 'yan kwanaki, ko da ya yi wanka da sabulun duniya. Ɓeran gari yana yawo da cututtuka a jikinsa ba tare da ya kwanta ba. In ta kai wa nata ko ɗaya, 'yan aiken jikinsu za su kama ihun wani ɓarawon daban, aikin ya rikice, kuma abin yana iya bin ɗakunan sauran ɗalibai. Ɗakin masu murar kuwa mutum uku aka yarda su shiga: ita, da wata da ke gida tana jego, sai shugabarsu Farfesa, wadda za ta tafi taro Duwala da safe.

Na rage murya na ce, "Uwata, wa ya gani? Ni ubanki ne. Gwaggo idonta ba ya gani sosai. Iro kuwa ko a kotu ba a karɓar shaidarsa. Ki yi wanka ki yi shiru."

Ta ce, "Ɓerayen za su faɗa, Baba. Jikinsu ba ya rufa asiri. Kuma ba nawa kaɗai ba ne a gidan."

Ta ɗauki waya ta kira Farfesa. Faransancin da ya fito daga wayar nan ya fi ƙarfin nawa na kasuwa, amma faɗa ba ya buƙatar tafinta. Da ta ajiye ta ce, "Ta ce kada in kusanci ƙofar." Ta juya fuska bango, tana kuka. Kun san ni, ko a gidan makoki sai an ja mini kunne. Ranar nan kuwa ba wanda ya ja mini kunne, miƙewa kawai na yi na ɗauko taɓarya.

Muka huce a kan ɓeran. Ni da taɓarya, Iro da takalmin samfur, muka juye ɗakin nan. Sakamako: na fasa madubi, Iro ya fasa mini ɗan yatsa, ɓera ya fita ta tsakanin ƙafafuna ya shiga kicin ɗin Gwaggo.

Da gari ya waye na yi abin da na iya. A wurinmu in ɗanka ya yi laifi, ko kai ka jawo masa, ba waya ake bugawa ba. Babbar riga ake sawa, a sayi goro, a nemi dattijo ya raka ka. Dattijo bai samu ba, na tafi da Iro. Uwata ta yi ta roƙo: "Baba, don Allah kada ka je, ba a yin haka a can." Na ce ai yau za a fara. Dole ta biyo mu.

Mun isa ƙofar cibiyar ke nan sai ga motar Farfesa, ta biyo ɗaukar takardu kafin ta kama hanya. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai furfura da tabarau, amma da ta fito mai gadi har ƙamewa ya yi. Na tattara riga na durƙusa a kan tsakuwa, na ɗaga ƙullin goro.

"Madam, pardon! Ɓeran nan, se mwa, laifina ne!"

Sai atishawa ta zo, irin wadda ke tayar da tattabaru. Kafin in buɗe ido Farfesa ta zagaya bayan mota. Daga nan aka yi sulhun, ita a can, ni a nan, mota a tsakani, Uwata tana fassara kanta a ƙasa don kunya.

Na ce a gaya mata yarinya ba ta da laifi, ni na kwanar da jaka a sito. In hukunci ne a yi mini. In wanka ne, a kawo jabel, ruwan nan mai faranta tufafi, a wanke mu ni da ita har mu yi fari. In kuma ɓerayen ne suka yi tsada, ina da su a butik, lafiyayyu, zan aiko da ɗari kyauta, kuɗin mota ma a kaina.

Uwata ta ce, "Baba, ba zan fassara wannan ba."

Iro ya ce shi zai fassara, ya kuwa fassara da hannu da ƙafa. Farfesa ta dafe ƙirji. Na ga bakinta yana so ya yi dariya tana hana shi.

Ta ce ba hukunci ba ne, kuma goro ba ya canza doka, yarinya ba za ta shiga ba. Ta ce da ta yi shiru ta shiga, daga baya aka gano, ranar ce ƙarshen zamanta a gidan. Na tuna shawarar da na bayar jiya, na ƙara sunkuyar da kai. Sai ta yi wa Uwata wasu tambayoyi da sauri, Uwata tana amsawa. Farfesa ta dubi mota, ta dubi ginin, ta dube ni a durƙushe hanci na zuba. Ta ce wa direba ya sauke akwatinta. Ta fara cire 'yan kunne da agogo.

Uwata ta juyo idonta ya cika. "Baba, ta fasa tafiyar. Ita za ta shiga. Ta ce hannunta ya daɗe bai riƙe ɓera ba, in zama idonta."

Aka sa waya a leda aka shiga da ita ciki, aka zaunar da Uwata a wani ofis can wajen ƙofa, gaban allon kwamfuta. Ni da Iro aka ba mu gindin mangwaro kusa da tagar, muka zauna kamar waɗanda matansu ke ɗakin haihuwa. Da farko muryarta ƙasa-ƙasa take: "Wi Madam, pardon Madam." Da aiki ya yi zafi sai na ji wata murya da ban san ta da ita ba.

"A'a Madam, ba wannan kejin ba, na hagu! A auna shi tukuna! Kwalbar nan a kan ƙanƙara take zama, ba a hannu ba! A hankali, huhu ne, ba tsire ba!"

Iro ya ce, "Alhaji, wannan fa farfesa take yi wa tsawa."

Na ce, "To wa ya haife ta?"

Muka yi azahar a gindin mangwaron nan, ban taɓa tsawaita sujada irin ta ranar ba. Can sai ga Farfesa ta fito, shatin takunkumi a fuskarta, rigarta sharkaf da gumi, tana tafe tana dafa ƙugu. Ta tsaya nesa da ni ta ce an gama, komai yana cikin sanyi, sai kwalba ɗaya da ta kuɓuce mata, kuma a kan kwalbar nan ta sha faɗan da rabonta da irinsa tun tana ɗaliba. Sannan ta nuna goron, ta ce in ajiye a kan katanga in ja da baya. Na ajiye na ja. Ta zaɓi fari guda, ta sa aka wanke, ta ɓare ta jefa a baki.

Uwata ta leƙo ta taga, ido jawur, tana murmushi. Ta ce, "Baba, ka karya kuwa?" Sai a lokacin na tuna ko ruwa ban sha ba.

Sakamakon binciken bai fito ba tukuna, ta ce ƙirga abin da ke cikin huhun nan aikin watanni ne, don haka masu tambayata wanne kashi ya ci, ku jira kamar yadda nake jira. Tsarabar Hajiya kuwa ɗaliban gidan ɓeraye ma ba su gan ta ba, Gwaggo ce ta rabar a unguwa, ban da gyaɗar da baƙon ya riga ya sa wa hannu. Shi yana nan a kicin ɗinta har yau, ta aiko a gaya mini in zo in ɗauki ɗana.

Ranar da zan taho, a tasha, Farfesa ta aiko da saƙo ta bakin Uwata. Ta ce ranar da yarinya za ta kare digirinta, kujerata tana sahun gaba. Sharaɗi ɗaya ne: in zo daga ni sai rigar jikina, kuma ita ma rigar, mai gadi zai kakkaɓe ta a bakin ƙofa.